Kujerar Bayan Kujera: Darasin Singafo da Abin da Tarihinmu Ya Riga Ya Koyar

Gabatarwa

A garinmu Aliero, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, ba a rasa majalisar da ake warware matsalolin duniya bayan sallar isha'i. A irin wannan zama ne wani abokina da muka gama jami'a tare ya kawo shawarar da ta hana ni barci. Cewa ya yi, tun da tsofaffin gwamnoninmu da tsofaffin shugabanninmu ba sa iya zaman gida bayan sun sauka, me zai hana a yi musu abin da ƙasar Singafo ta yi wa nata? A ƙirƙiro musu kujera ta musamman a cikin gwamnati, a kira su Babban Minista ko Babban Kwamishina, su zauna kusa da sabon shugaba suna nuna masa hanya. Ya kafa hujja da cewa Singafo ta yi haka, ga ta nan ta zama abin kwatance a duniya. Mutane da dama suka gyaɗa kai, domin sunan Singafo ya zama tamkar laya a bakin 'yan bokonmu, da an ambace shi sai gardama ta mutu.

Ni ban gyaɗa kai ba, kuma wannan rubutu shi ne dalilina. Matsayina shi ne, duk kujerar da aka sassaƙa domin wani mutum da ya sauka daga mulki, ba domin wani aiki da jama'a suke bukata ba, hanya ce ta ci gaba da mulki bayan wa'adi ya ƙare. Ko an yi mata suna mai daɗi, ko an ce ta girmamawa ce kawai, abin da take haifarwa ɗaya ne: iko a hannun wanda ba a iya tuhumarsa, da nauyi a wuyan wanda ba shi da cikakken iko. Zan fara da bayanin yadda abin yake a Singafo, in dawo ga irin namu na gida, in saurari hujjojin masu goyon baya, sannan in tunatar da mai karatu cewa amsar wannan tambaya tana nan a tarihin ƙasar Gwandu tun shekara 200 da suka wuce.

Asalin Kujerar a Singafo

Singafo ƙaramin tsibiri ne a kudu maso gabashin Asiya, mai mutane kimanin miliyan shida. Jihar Kebbi ta ninka shi faɗin ƙasa kusan sau hamsin. Lee Kuan Yew ya zama firaministan tsibirin a 1959, ya riƙe shi har ya zama ƙasa mai cin gashin kanta ranar 9 ga Agusta, 1965, bai kuma sauka ba sai a watan Nuwamba na 1990, bayan shekara 31. Da ya miƙa wa Goh Chok Tong ragama, bai koma gida ba. An naɗa shi Babban Minista, wato minista marar ma'aikata wanda yake zama a majalisar ministoci saboda girmansa da gogewarsa. Ba shi ne ya fara riƙe wannan muƙami ba, domin S. Rajaratnam ya riƙe shi daga 1985 zuwa 1988, amma a hannun Lee ne duniya ta san shi.

A watan Agusta na 2004 Goh ya sauka, ɗan Lee Kuan Yew na cikinsa, wato Lee Hsien Loong, ya zama firaminista. Sai aka sami tsofaffin shugabanni biyu, kujera ɗaya. Maimakon ɗaya ya tafi, aka ba Goh kujerar Babban Minista, aka ƙirƙiro wata sabuwa fil domin dattijo Lee, aka kira ta Minista Jagora. Ba a taɓa jin wannan muƙami ba kafin shi, ba wanda kuma ya sake riƙe shi bayansa. Shekara bakwai ana zaman majalisar ministoci da firaminista a kan kujera, ga tsohon maigidansa a gefe, ga mahaifinsa a ɗaya gefen. Duk ɗan Hausa ya san yadda muryar ɗa take zama idan mahaifinsa yana cikin ɗakin.

Lee bai taɓa ɓoye niyyarsa ba. A wani jawabi da ya yi wa ƙasa a 1988 ya faɗa wa jama'a cewa ko yana kan gadon jinya, ko ana shirin sanya shi a kabari, idan ya ji ana ɓata al'amari zai miƙe. Masoyansa sun ɗauki maganar a matsayin kishin ƙasa, kuma ba na musun kishin. Sai dai mai sauraro da kunnen basira zai ji wani abu a ƙarƙashinta, wato mutumin da bai yarda akwai wata rana da ƙasar za ta iya tafiya ba tare da shi ba.

Abin da Masu Kwatance Suke Tsallakewa

Masu kawo mana misalin Singafo sukan tsaya a 2004. Labarin kuwa bai ƙare a can ba. A zaɓen ranar 7 ga Mayu, 2011, jam'iyya mai mulki ta PAP ta sami kashi 60 cikin ɗari na ƙuri'u, mafi ƙaranci tun samun 'yancin kai. Ta rasa mazaɓar Aljunied mai kujeru biyar, har ministan harkokin waje, George Yeo, ya faɗi a cikinta. Ana cikin yaƙin neman zaɓen ne Minista Jagora ya gargaɗi mutanen mazaɓar cewa idan suka zaɓi 'yan adawa za su yi shekara biyar suna nadama. Matasa suka ji maganar a matsayin barazana, suka amsa ta da ƙuri'a. Mako guda bayan zaɓen, ranar 14 ga Mayu, Lee da Goh suka sanar da ficewarsu daga majalisar ministoci, suna masu cewa lokaci ya yi da za a bar wa sabon jini fili. Lee yana da shekara 87 a lokacin. Daga nan aka share muƙamin Minista Jagora. Shi kuwa Goh aka ba shi laƙabin girmamawa na Babban Minista Mai Murabus, suna ba tare da kujera a majalisar ministoci ba.

Gaskiya ita ce Singafo ba ta rabu da al'adar gaba ɗaya ba. Ta farfaɗo da muƙamin Babban Minista a 2019, kuma da Lee Hsien Loong ya miƙa wa Lawrence Wong mulki ranar 15 ga Mayu, 2024, shi ma wannan kujera ya hau. Amma a lura da sharuɗɗan da suke kewaye da ita a can. Ba a zama minista a Singafo sai an kasance ɗan majalisar dokoki, saboda haka ko Babban Minista yana da mazaɓar da za ta iya ƙin sa. Albashin ministoci a bayyane yake, har ma an zaftare shi a 2012 bayan koken jama'a. Hukumar yaƙi da cin hanci tasu ba ta tsallake manya: a 1986 ta binciki ministan raya ƙasa, Teh Cheang Wan, kan zargin karɓar rashawa, kuma Lee bai tsaya masa ba. Kimanin kashi 80 cikin ɗari na jama'ar ƙasar suna zaune ne a gidajen da hukumar gidaje ta gwamnati ta gina.

Waɗannan su ne suka gina Singafo. Kujerar Babban Minista ta zo ne bayan an gama aza harsashi, kuma ƙasar ta iya ɗaukar nauyinta ne saboda tana da ƙarfi. Wanda ya bar gaskiyar ma'aikatansu da gidajensu da makarantunsu, ya ɗauko kujerar dattijonsu kaɗai ya ce ita zai kwaikwaya, ya yi kama da wanda ya ga attajiri da tozali ya zaci tozalin ne ya kawo dukiyar. Kada kuma a manta cewa tsarin da ya bar mutum ɗaya yana faɗa a ji shekara 52 shi ne ya tsare ɗan adawa Chia Thye Poh shekara 23 ba tare da an kai shi gaban alƙali ba.

Irin Tamu ta Gida

Abokina ya yi magana kamar wannan kujera baƙuwa ce da za mu shigo da ita. Alhali mun daɗe da ita, sunanta ne kawai ya bambanta. Ranar 16 ga Mayu, 2006, Majalisar Dattawa ta yi watsi da gyaran tsarin mulkin da zai ba Shugaba Olusegun Obasanjo damar wa'adi na uku. Kafin shekarar ta ƙare, jam'iyyar PDP ta gyara nata kundin yadda ba mai shugabantar kwamitin amintattunta sai wanda ya taɓa zama shugaban ƙasa a ƙarƙashinta. Mutum ɗaya ne tak a faɗin Nijeriya wannan riga za ta yi wa daidai, kuma shi ya sanya ta a 2007. Wannan ita ce kujerar Minista Jagora a salon Nijeriya. Me ta haifar? Ya ajiye ta a 2012, ya rubuta wa Shugaba Goodluck Jonathan doguwar wasiƙar suka a Disamban 2013, aka yaga katinsa na jam'iyya a bainar jama'a a Fabrairun 2015. Kujerar da aka yi domin haɗa kan jam'iyya ba ta iya riƙe ko mai ita a cikin jam'iyyar ba.

A jihohi kuwa ba ma a tsaya neman laƙabi a rubuce. Sai ka ji ana cewa jagora, ko uban tafiya, ko maigida. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora ikon zartarwa na jiha a kan gwamna, ya kuma iyakance masa wa'adi biyu. Amma mun sha ganin mai barin gado ya zaɓi magajinsa da hannunsa bisa fatan cewa zai riƙa mulki daga falonsa. Sakamakon ba ya canzawa. A Zamfara, Mahmuda Aliyu Shinkafi ya yi wa Ahmad Sani Yariman Bakura mataimaki shekara takwas, ya gaje shi a 2007, ba a je ko'ina ba suka raba jam'iyya. A Kano, Abdullahi Umar Ganduje ya yi wa Rabi'u Musa Kwankwaso mataimaki sau biyu, ya gaje shi a 2015, shekara guda ba ta cika sosai ba gari ya rabu gida biyu, rabuwar da har yau Kano take ɗanɗana kuɗarta. Ba ina neman wanda ya yi laifi a tsakaninsu ba ne. Abin da nake nunawa shi ne, tsarin da ya tanadi mai mulki a fili da mai mulki a bayan labule faɗa yake haifarwa ko da mutanen kirki ne a ciki. Hausawa sun riga sun yanke hukunci da suka ce sarki goma, zamani goma. Ba su ce sarki biyu zamani ɗaya ba.

Akwai kuma ɓangaren aljihu. A 2007 jihar Legas ta yi dokar da ta tanadar wa tsohon gwamna gida a Legas da wani a Abuja, da sababbin motoci duk bayan shekara uku, jihohi da dama kuma suka bi sahu. A watan Oktoba na 2019 tsohon gwamnan Zamfara, Abdul'aziz Yari, ya rubuta wa gwamnatin jihar takarda yana neman a biya shi kuɗin kula da kai na naira miliyan 10 a kowane wata, kamar yadda dokar jihar ta lokacin ta tanada. A shekarar ne aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 30,000. Kenan abin da doka ta ware wa mutum ɗaya da ya bar aiki ya haura albashin ma'aikata 330 da suke bakin aiki. Da takardar ta fito fili, majalisar dokokin jihar ta soke dokar a watan Nuwamba. Ba a soke ta don ba a san da ita ba tun farko. An soke ta ne don talaka ya gani.

A nan ya kamata in yi adalci. Ba duk tsohon shugaban da ya ci gaba da aikin gwamnati nake suka ba. Ɗan garinmu, Muhammad Adamu Aliero, ya yi gwamnan Kebbi daga 1999 zuwa 2007, daga nan ya nemi kujerar Majalisar Dattawa ta hanyar ƙuri'a. Atiku Bagudu ya sauka a 2023, aka naɗa shi ministan kasafi da tsare-tsare bayan majalisa ta tantance shi. Mutum yana iya son waɗannan zaɓuɓɓuka ko ya ƙi su, amma kujeru ne da doka ta san da su, masu aiki sananne da wa'adi, kuma akwai wanda zai iya kiran mai su ya yi bayani. Ma'aunina ke nan: wane aiki kujerar take yi, yaushe za ta ƙare, wa zai iya tuhumarta? Kujerar da abokina yake nema ba ta da amsar ko ɗaya daga cikin ukun.

Hujjojin Masu Goyon Baya

Hujja ta farko ita ce gogewa. Za a ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Haka ne, kuma ba ni da tarbiyyar da za ta sa in musa. Sai dai karin maganar hange ta ambata, ba ta ambaci ofis da jerin gwanon motoci ba. Dattijon da yake da shawara ba ya bukatar kasafin kuɗi kafin ya faɗe ta, shugaban da yake son shawara kuma ya san hanyar gidan dattijo. Ko a doka ma an riga an yi tanadi: Majalisar Ƙoli ta Ƙasa ta ƙunshi dukkan tsofaffin shugabannin ƙasa da tsofaffin alƙalan alƙalai, kuma aikinta ba da shawara ne idan an kira ta, ba zartarwa ba. Wanda wannan bai ishe shi ba, to ba wurin ba da shawara yake nema ba. Akwai tazara mai nisa tsakanin shawarar da za ka iya ƙi da wadda ƙin ta zai ci maka kujera. Ta biyun umarni ce da ta yafa mayafin shawara.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ita ce ta abokina. Ya ce tun da ubangidan siyasa yana nan ko mun so ko mun ƙi, gara a fito da shi fili a ba shi suna, a san da wa ake yi. Na daɗe ina juya wannan magana. Matsalarta ita ce, ba wa abu suna a doka halatta shi ne. Yau gwamnan da ya ga ubangidansa yana neman wuce gona da iri yana iya dogara da tsarin mulki ya ce ni aka rantsar. Ranar da aka rubuta kujerar ubangida a doka, an ƙwace masa wannan garkuwa. Kuma wa ya ce mai kujerar fili zai daina aikin ɓoye? Zai haɗa biyun ne, ya ƙara da albashi. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare.

Hujja ta uku ita ce, idan shugaba ya san akwai wurin zama mai daraja da yake jiransa, zai sauka cikin sauƙi ba tare da neman tazarce ba. Mu da muke maƙwabtaka da Nijar mun ga inda tazarcen Mamadou Tandja ya kai shi a Fabrairun 2010, saboda haka ba mu raina wannan tsoro. Amma a dubi Kazakistan. Nursultan Nazarbayev ya sauka a Maris na 2019 bayan kusan shekara 30, ya riƙe laƙabin Jagoran Al'umma da shugabancin majalisar tsaron ƙasa, aka kuma sanya wa babban birni sunansa. A Janairun 2022 zanga-zangar da ta faro daga tsadar iskar gas ta rikiɗe ta koma kiran tsoho ya tafi. Mutane sama da 200 suka mutu, magajin da ya zaɓa da kansa ya tuɓe shi daga majalisar tsaron, kafin ƙarshen shekara birnin ya koma sunansa na Astana. Kujerar ba ta kawar da rikicin sauka ba, ta jinkirta shi ne shekara uku, ya dawo da jini.

Aliero an san ta da albasa, an kuma san ta da ɗori, har daga nesa ake kawo masu karaya. Kowane maɗori ya san cewa karan ɗori yana da ranar ɗaurawa, yana da ranar kwancewa. Amfaninsa shi ne ya riƙe ƙashi har ya kama. Idan aka matse shi fiye da kima, ko aka bar shi bayan ƙashi ya haɗe, gaɓar da aka so ceta ita za ta shanye. Da a ce masu wannan shawara sun ce a bar tsohon shugaba wata uku ko shida yana miƙa takardu yana bayanin inda aka kwana, da na saurare su. Amma na Singafo shekara 21 ya yi ɗaure.

Wanda Yake Biyan Kuɗin

Ma'aikacin gwamnati a ƙasar nan yana ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Na san wani dattijo a unguwarmu da ya ƙare ƙuruciyarsa a aji, rabin masu karatun unguwar ta hannunsa suka bi. Ranar da ya yi ritaya ba wanda ya ce gogewarsa ta fi ƙarfin a rasa, ba wanda ya ƙirƙiro masa muƙamin Malami Jagora. An karɓi makullin ofis, ya shiga jerin masu yawo da fayil suna neman haƙƙinsu. Na taɓa ce masa, "Baba, ba ka jin kewar makaranta?" Ya ce, "Ɗana, idan ban tashi ba, ina wanda na koyar zai zauna?" Har yau malaman makarantar suna zuwa zaurensa neman shawara, ba ya karɓar ko sisi, ba ya kuma fushi idan sun yi akasin abin da ya faɗa. Idan malamin firamare ya fahimci wannan, me ya sa za a ce ya fi ƙarfin fahimtar wanda ya mulki jiha?

Ranar 31 ga Mayu, 2018, aka sanya hannu kan gyaran tsarin mulkin da ya rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Mu matasa muka yi murna. Amma buɗe ƙofar shiga ba ya amfani idan na ciki ba sa fita. Ba albashin kujerar dattijo ne babbar asara ba. Babbar asara ita ce tsarar shugabannin da za su girma ba su taɓa yanke shawara da kansu ba, ba su taɓa yin kuskure sun ɗauki nauyinsa ba, kullum ido yana kan fuskar maigida. Ranar da maigida ya kwanta dama, wadda ba makawa sai ta zo, sai a tarar an tara masu furfura da ba su taɓa koyon tsayuwa ba.

Sifawa da Kalambaina

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muke tsallaka teku neman misali, alhali muna zaune a kan ƙasar da aka yi misalin da ya fi shi. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana da ikon da ba wanda zai yi masa jayayya a kansa. Sai ya koma Sifawa, a 1812 ya raba tafiyar da daula tsakanin ƙanensa Abdullahi, wanda ya riƙe yamma, da ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya riƙe gabas, shi kuwa ya duƙufa ga karantarwa da rubutu har rasuwarsa a 1817. Sunan Amirul Muminina yana kansa har ƙarshe, amma gudanar da mulki ya sake shi. Namu na yau sunan suke saki, su ƙanƙame mulkin.

Sai kuma Malam Abdullahi na Gwandu, wanda jami'ar da aka kafa a garinmu a 2006 take ɗauke da sunansa yanzu. Tun wajen 1807 ya taɓa barin jama'a ya nufi gabas saboda takaicin yadda son muƙami da abin duniya suka fara shiga zukata, har mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami kan yadda ake mulki. Da Shehu ya rasu, shi ne waziri, shi ne ƙanen Shehu, ya girmi Bello da shekaru, kuma ba a tababar zurfin iliminsa. Duk da haka aka yi wa Bello mubaya'a. Tarihi bai ɓoye cewa abin ya sosa masa rai ba, har aka yi 'yan shekaru da sanyin dangantaka a tsakaninsu. Da tawayen Kalambaina ta kusa da Gwandu ya tsananta, Bello ya kawo wa baffansa ɗauki. Masu tarihi sun ruwaito cewa bayan nasara, da suka haɗu a kan dawaki, Bello ya yi niyyar sauka domin girmama baffansa, sai Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi, ya kuma miƙa wa Giɗaɗo alkyabbar waziri.

A duba abin da bai yi ba. Bai ce a ƙirƙiro masa muƙamin da ya ɗara na waziri domin ya zauna a Sakkwato yana duba aikin ɗan wansa ba, ko da yake da ya nema da wuya a hana shi. Ya tsaya a iyakar abin da Shehu ya damƙa masa, a ƙarshen rayuwarsa ma ya bar yawancin hidimar mulkin Gwandu a hannun na bayansa, ya koma ga littattafansa har ya rasu a 1829. A zaman lafiyar da ya biyo bayan wannan sulhu ne garuruwa irin su Jega suka kafu suka bunƙasa. Yau, bayan kusan ƙarni biyu, ana karanta tafsirinsa a zaurukan ilimi daga nan har ƙetare. Girman da ya rage masa bai fito daga wata kujera da aka sassaƙa masa ba.

Kammalawa

Ba ina kira a wulaƙanta wanda ya yi wa jama'a hidima ba. A gaishe shi, a ba shi wurin zama na gaba a taro, a sanya wa titi sunansa idan ya cancanta, a biya shi fanshon da ya yi daidai da na sauran bayin Allah. Abin da nake ƙi shi ne a haɗa masa girma da iko a kujera ɗaya, sannan a cire masa tuhuma. Saboda haka ina kira ga majalisun dokokin jihohinmu da su fito da duk dokar da ta tanadi wani abu ga tsofaffin gwamnoni su karanta ta a gaban jama'a, abin da ba zai iya jure hasken rana ba a soke shi kamar yadda aka yi a Zamfara. Ina kira ga masu zaɓe a Aliero da Jega da Maiyama, duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a a tambaye shi a fili: idan ka ci, kai za ka yi mulki ko wani? Ina kuma kira ga tsarata, mu daina rige-rigen raɗa wa manya laƙabin jagora na har abada domin abin da za a sammana, domin da bakinmu muke gina katangar da take tare mu.

Shi kuwa mai mulki da wa'adinsa ya kusa, ranka ya daɗe, tsarin mulki ya ba ka shekara takwas. Idan a cikinsu ka horar da mutanen da za su iya tafiya ba tare da kai ba, to ba ka bukatar wata kujera. Idan kuwa ba ka horar ba, ƙarin shekara ashirin a bayan labule ba zai gyara abin da takwas a fili suka kasa ba. Zaurenka yana nan, kuma mai neman shawara ta gaskiya ba zai ɓata hanya ba.